Bindigar da Ta Tafi da Ɗurinta

Duk wanda ke zama a layin 'yan fata na Kasuwar Kurmi ya san yadda Malam Isyaku yake yi idan ya ji ƙara. Ko tayar mota ce ta fashe a bakin titi, ko iska ce ta buga ƙyauren wata rumfa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya karkata kai, ya yi tsit kamar mai sauraren kiran da aka yi masa daga nesa. Can sai ya tambayi na kusa da shi, "Daga wane gefe ta fito?"

"Taya ce, Malam," in ji maƙwabtansa. Wani lokaci su ƙara da zolaya: "Maharbi guda, wanda aka ce ya taɓa tsayawa gaban ɓauna, yau taya ke kaɗa masa hanji."

Sai ya ɗauki fatarsa ya ci gaba da yanka.

Maharbi ne shi a da, ɗan maharbi, a Yakasai aka haife shi. Da rani yakan fita daji tare da abokan farauta, ya dawo da nama da fatu. Bindigar toka gare shi, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a tura tsumma, a zuba harsashi, a danna da doguwar sandar ƙarfe. Ta mahaifinsa ce. An naɗe gindinta da fatar guza, an kafa ƙusoshin tagulla guda uku a jere. Yana da lasin ɗinta, kuma bai taɓa barin lasin ya mutu ba.

Abu ɗaya mahaifinsa ya fi nanata masa tun yana bin sa daji: bindiga ba ta shiga gari da ɗuri, ba ta kwana a ɗaki da ɗuri, ba a miƙa ta hannun wani da ɗuri. Irin wannan bindiga ba a buɗe ta a zare harsashi kamar ta soja. Idan an ɗura ta, hanyar fitar abin da ke ciki ɗaya ce. Shi ya sa maharbi in ya dawo bai harbi komai ba, kafin ya shiga ƙofar gari sai ya tsaya bayan ganuwa, ya juya bakinta ƙasa ya sake ta. Wannan suke kira saukewa.

Sau ɗaya Isyaku ya saɓa wannan, a shekarar da gari ya rikice ana dab da yaƙin basasa. Jita-jita ta cika unguwa, wannan ya ce an taho, wancan ya ce an riga an shigo ta wata ƙofa. Mata suka tattara yara cikin ɗaka. Shi kuwa ya zauna a zaurensa da rana tsaka ya ɗura bindigarsa, ya sara ƙusoshi gutsi-gutsi ya zuba, ya danna, ya shirya ta tsaf yadda taɓa kunama kawai ya rage. Bai ko ajiye sandar ɗurin ba ya ji takalma a lungu.

Soja ne, da 'yan doka, da mai unguwa a gabansu. An kafa dokar ta-ɓaci, an ce duk mai makami ya miƙa, mai lasin da marar lasin, sai ƙura ta lafa a mayar wa kowa nasa. An kuma ce duk gidan da aka ji ƙarar harbi, abin da ya same su su suka ja. Wani soja ya fizge bindigar daga cinyarsa. Isyaku ya miƙe ya buɗe baki, "Ranka ya daɗe, akwai..." Sai mai unguwa ya taka masa ƙafa da ƙarfi, ya yi magana ta gefen baki.

"Ka ce akwai ɗuri a ciki, su tafi da kai tare da ita. Yi shiru."

Ya yi shirun. Yana tsaye a ƙofar gida ya ga an cilla ta bayan babbar mota, kan tulin wasu bindigogin. Motar ta tashi tana girgiza a kan ramuka, shi kuwa yana bin ta da kunne har ta ɓace. Da ya koma zaure sai ya ga sandar ɗurin tana hannunsa.

Ƙura ta lafa, aka yi yaƙi aka gama, ba a mayar wa kowa komai ba. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Ya je ofishin da aka ce can aka kai su, a wajen ganuwa, aka ce dokar ta-ɓaci tana nan ba a ɗage ba, kayan da aka karɓa a ƙarƙashinta ba a tambayar su. Ya ce shi ba karɓa ya zo yi ba, saƙo ne gare shi game da ita. Aka ce ya ajiye saƙonsa sai an neme shi. Ya koma bayan shekara, aka gaya masa haka. A zuwa na gaba wani kurtu ya ce masa, "Baba, in ka sake zuwa za mu ɗauka kana da wata a gida." Daga nan bai koma ba.

Ya bar farauta, ya kama sana'ar fata. Sandar ɗurin kuwa ta zauna a kusurwar zaure, yana shafa mata man gyaɗa kada ta yi tsatsa. Akwai wata tsaga a jikinta kusa da kai, mahaifinsa ne ya yi ta da zarto. Idan bindigar babu komai, sandar kan nutse har tsagar ta yi daidai da baki. Idan da ɗuri, tsagar kan tsaya sama da baki kamar faɗin tafin hannu.

Matarsa Lauratu ta san duk wannan, don ita kaɗai yake gaya wa. Rannan ta ɗauki sandar za ta kaɗo lemon tsami a tsakar gida, ya fito ya karɓe.

"Malam, ƙarfe ne fa," ta ce. "Ko kishi kake kada lemo ya taɓa ta?"

"Ita za ta gaya mini gaskiya ranar da aka bar ni na ga 'yar'uwarta."

"Shekara nawa yanzu? Albarushin ya mutu, ya zama ƙasa."

"Ba ya mutuwa in bai sha ruwa ba. Yana nan yana jira. Wata rana mai shara zai ɗaga ta, ko wani ya ce bari ya gyara ɗakin. Wanda bai san ta ba, bai san ni ba."

Lauratu ta ɗauki lemon da ya faɗo ta share shi da gefen zane. Ta daɗe tana dubansa kafin ta ce, "Ni akwai abin da ban taɓa tambayarka ba. Ranar da ka zauna kana sarar ƙusoshin nan, wa ka ɗura wa?"

"Duk wanda ya shigo lungun."

"Ka san shi?"

Ya mayar da sandar kusurwarta.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, garin ya cika da tutoci da lasifika. Kafin nan an sanar a rediyo cewa an ɗage dokar ta-ɓaci. Magoya bayan 'yan takara suna yawo a bayan a-kori-kura suna buga ganguna, wasu har da fasa abin wasan wuta, sai Isyaku ya riƙa tashi daga kasuwa tun la'asar. A zaɓen ne Shehu, ɗan yayansa, malamin makaranta mai son magana, ya ci kujerar majalisar jiha.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Shehu ya biyo gaishe shi. Suka zauna a zaure, Lauratu ta kawo ruwa ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida.

"Baba, na ji wata magana da ta shafe ka," in ji Shehu. "Ɗakin nan da aka tara bindigogin mutane, za a kwashe shi. Sun ce tsofaffin kaya ne, za a fitar da su fili a zuba musu mai a cinna wuta, ƙarfen da ya rage a binne."

Isyaku ya ajiye kwanon ruwa a hankali. "Wuta?"

"Wuta. Ka ji zalunci? Kayan mutum, na gadonsa, da lasin ɗinsa. An ce aro ne sai ƙura ta lafa, yanzu kuma za a ƙone ba a ko nemi masu su ba. Baba, yanzu ba da ba ne, akwai tsarin mulki. Ba a karɓar dukiyar mutum haka kawai."

"Su wa za su tsaya wurin wutar?"

"Kurata mana, da leburori. Ƙila a kira 'yan jarida."

"Kusa da ita za su tsaya?"

Shehu ya dube shi, bai gane inda tambayar ta dosa ba. Lauratu ce ta ce daga bakin ƙofa, "Gaya masa, Malam. Ɗanka ne."

Ya gaya masa, a taƙaice, idonsa a kan tabarma. Da ya gama, Shehu ya ce, "To ai wannan ma hujja ce a kansu. Da sun bar ka da abinka, da ka sauke ta."

"Da sun bar shi da abinsa a ranar," in ji Lauratu, "da wataƙila a gidan kurkuku kake zuwa gaishe shi. Ba ka ga idon mazan unguwar nan a makon ba, Shehu. Kana makarantar kwana. Ni da na ga motar ta tafi da su, hamdala na yi."

"Inna, ke ma kin koma bayan soja?"

"Ni bayan kowa nake in dai zai bar ni na aurar da 'ya'yana da ubansu a raye. Karɓar ba ta dame ni ba. Riƙewar ce ta yi tsawo, da hana mutum buɗe baki."

"Ka kai ni wurin," in ji Isyaku. "Ba sai sun ba ni ita ba. Su bar ni na fita da ita bayan ofis, na juya bakinta ƙasa. Daga nan su ƙone ta in sun ga dama."

Ranar Litinin da hantsi suka tafi a motar Shehu. Isyaku ya sa farar rigarsa ta Juma'a, lasin yana aljihu, sandar ɗuri tana hannu. Kurtun bakin ƙofa ya tare su yana nuna ƙarfen.

"Wannan fa?"

"Sandar dogarawa ce," in ji Shehu. "Ko ita ma dokar ta-ɓaci ta hau kanta?"

Kurtun ya dubi babbar rigar Shehu, ya matsa gefe.

Sufeton da suka samu mutum ne mai sanyin magana. Ya karɓi lasin ya juya shi gaba da baya, ya miƙo. Shehu ya yi ta bayani a kan haƙƙin mai kaya da alkawarin da aka yi na mayarwa, sufeton yana gyaɗa kai har ya gama.

"Ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa haka ne," ya ce. "Dokar da ta karɓe su an ɗage ta. Amma wadda ta ce a mayar, ba ta iso teburina ba."

"To wace doka ce ta ce a ƙone?" in ji Shehu.

"Wannan umarni ne daga sama. Ɗakin ake bukata."

"Wato karɓa rana ɗaya, mayarwa sai an yi zaman majalisa?"

"Majalisar ai ku ne yanzu," in ji sufeton, da ɗan murmushi. "Abin da zan iya, zan bar dattijo ya shiga ya ga kayansa. Fita da ita kuwa, a'a."

Ya aika aka kira mai riƙe da makullin, wani tsohon saje mai suna Baffa, siriri, gashin bakinsa duk furfura. Tun yana ɗan doka yake wurin, kafin a haɗe su da 'yan sanda. Shehu ya tsaya ci gaba da musu da sufeto, Saje Baffa ya ja Isyaku suka bi ta bayan ginin zuwa wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe.

Da aka buɗe, warin tsatsa da kashin jemage ya bugo su. Haske na shigowa ta wata 'yar taga can sama. Bindigogin suna jibge tun daga ƙasa har kusan ƙugun mutum, wasu gara ta cinye itacensu, wasu da layu har yanzu a ɗaure. Isyaku ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa ɗaga ƙafa.

"Saje, kada ka taɓa komai. Tsaya bayana."

"Shigo, Malam, ba abin da za su yi."

"Akwai mai ɗuri a cikinsu. Tawa. Ni na ɗura ta da hannuna, da ƙusoshi."

Ya faɗi maganar da ya yi shekara goma sha wani abu yana ɗauke da ita, yana jiran ya ga sajen ya zabura. Saje Baffa ya gyaɗa kai kawai.

"Kai kaɗai? Rabin abin da kake gani da ɗuri aka kawo su. Wa zai iya saukewa a wancan makon, ana cewa duk wanda ya yi harbi a harbe shi? Amma tuni muka ɗura wa kowace ruwa ta baki, muka bar su suka jiƙa. Har yau duk damina rufin nan yana ƙara musu. Ko a wuta ka jefa su, sai dai su yi tsaki."

Isyaku ya dafa bango. Wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinsa ya fara sassautawa. "Alhamdu lillahi," ya ce. Ya sake faɗa. Sannan ya tuɓe takalmansa, shi ma bai san dalili ba, ya shiga.

Sun daɗe suna ɗagawa suna ajiyewa. Can ƙasa kusa da bango ya hango fatar guza, ta bushe ta tsattsage, da ƙusoshin tagulla uku sun yi kore. Ya jawo ta a hankali yana kawar da bakinta daga inda sajen yake. Ya share ta da hannun rigarsa ta Juma'a. Ya tsayar da ita a ƙasa, baki sama, ya ɗauki sandar ɗuri ya zura. So yake ya ji ta tokari jiƙaƙƙen ɗurin nan, ya ga tsagar ta tsaya a sama, ya san abin yana inda ya bar shi.

Sandar ta zarce. Ta bugi ƙasan bututun da ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, tsagar ta yi daidai da baki.

Ya zare ta ya sake zurawa. Haka dai.

"Saje," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ruwa yana fitar da ƙusa daga cikin bindiga?"

"A'a."

"Babu komai a cikinta."

Saje Baffa ya juya yana duban 'yar tagar.

"Me ya sa kuka zuba musu ruwa?" in ji Isyaku. "Wa ya ba ku wannan shawara?"

Sajen ya ja wani tsohon akwati ya zauna a kai. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ba wanda ya ba mu. Gani muka yi. Ranar da motar cikin gari ta zo, ta Yakasai da Soron Ɗinki, yamma ta yi, ana sauri don lokacin hana fita ya matso. Wani yana sama yana miƙowa, wani yana ƙasa yana karɓa. Na ƙasan abokin aikina ne, Mika'ilu, tare aka ɗauke mu. Ya kama wata ta baki ya jawo, kunamarta ta sarƙe a jikin wata." Ya murza hular a hannunsa. "A ciki ta same shi. Ba mu kai asibiti da shi ba."

"Wace ce ta tashi?"

"Na saman ya firgita ya saki sauran, duk suka zubo. Muka kwashe su muka watsa nan, muka ɗauki mutum. Wa zai tsaya shinshina bakin bindiga?"

"Ba a bincika ba?"

"A lokacin? An ce kada maganar ta fita, gari bai kwanta ba. Aka kai shi garinsu wajen Ɗambatta, aka ce a bakin aiki ya rasu."

"Me aka ciro daga jikinsa? Dalma ce ko ƙusa?"

"Ba a ciro komai ba, Malam. Yadda yake aka yi masa sutura." Saje Baffa ya mayar da hularsa. "Kada ka ɗora wa kanka. Sojan da ke gadi a nan sukan ɗauki ɗaya-ɗaya su je bayan gini su harbi angulu, don nishaɗi. Na gani da idona. Ƙila taka tana cikin waɗannan. Motar kuma ba taka kaɗai ta ɗauko ba."

"Ƙila," in ji Isyaku.

Ya tsaya riƙe da bindigar. Tun da aka tafi da ita yake ganin wani mutum a ransa, marar fuska, yana miƙa hannu zai ɗaga ta, shi kuma yana ta sauri ya riga shi isowa. Ashe wataƙila tun kafin ya yi sallar magariba a ranar, mutumin ya riga ya miƙa hannun.

"Yana da iyali?"

"Ya yi aure bai daɗe ba. Ban san inda matar ta ƙare ba. Mai raha ne. Kullum da gyaɗa a aljihunsa, in kana magana da shi sai ka ji yana ɓarewa."

Isyaku ya jingina bindigar a bango, ya ware ta ita kaɗai daga tulin. Ya ɗauki sandar ɗurin ya mayar da ita mazauninta a ƙarƙashin bututu, inda ta rabu da shi tun ranar. Ya sa takalmansa.

"Ka bar sandarka," in ji sajen.

"Tata ce."

A mota Shehu ya ji labarin, ya bugi sitiyari. "Ka gani, Baba? Sun karɓi kayan mutane da gaggawa, sun toshe musu baki, rai ya salwanta, sun binne maganar. Wallahi sai na tayar da wannan a majalisa. Kai ba ka da laifi ko kaɗan."

"Ka tayar," in ji Isyaku. "Ka ce musu in wata rana za su sake karɓa, don na san za a sake, su bar mutum ya sauke tukuna. In ba za su bari ba, su saurari abin da zai ce."

"Bindigar fa? A bar su su ƙone?"

"Su ƙone."

Bayan azahar ya tsaya wurin limamin unguwa, ya ba shi labarin tun daga zaure har ɗakin ajiya. Ya tambaye shi hukuncin wanda ya kashe rai bisa kuskure. Liman ya ce azumin wata biyu ne a jere, amma wannan ga wanda ya tabbata shi ya yi. Shi kuwa bai tabbata ba, kuma ba da son ransa abin ya bar hannunsa ba, ga shi shekaru sun ja, jikinsa ba kamar da ba.

"Waɗanda suka ɗauka su ke da nauyin, Malam Isyaku."

"Su suka ɗauka, Allah gafarta malam. Ni na ɗura."

"Shari'a ba ta ɗora maka ba."

"Ta hana ni?"

Liman ya daɗe yana jan carbi. "Ba ta hana ka ba," ya ce.

Lauratu ta gan shi ya shigo hannu babu sanda, rigarsa duk tsatsa. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata. Ba ta katse shi ba. Da ya kai wurin gyaɗar aljihu sai ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta.

"Kin tambaye ni ko na san wanda na ɗura wa," ya ce. "Mika'ilu sunansa."

"Ba ka tabbata ba, Malam."

"Ban tabbata ba."

Washegari da hantsi ta kawo masa koko da ƙosai zaure kamar kullum, kafin ya fita kasuwa. Ya dubi kwanon ya ce ta ba yara. Ta tsaya da shi a hannu.

"Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba."

"Na sani."

"Har yaushe?"

"Wata biyu, in Allah ya ba ni iko."

"Da wannan jikin? In ka faɗi a kasuwa, ni za a zo a kira." Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba. "Ka riƙa tashina lokacin sahur. Ba za ka riƙa ɗauka da ruwa kawai ba kamar marar kowa."

Kwanaki bayan haka, yana rumfarsa a Kurmi, leɓɓansa sun bushe, yana yanka fatar takalmi, wata babbar mota ta fasa taya a bakin titi. Ƙarar ta sa tattabaru suka tashi daga kan rumfuna. Maƙwabtansa suka juyo gaba ɗaya, sun shirya dariya, suna jiran ya ajiye wuƙa ya yi tambayar da ya saba.

Bai ɗago ba. Wuƙarsa ta ci gaba da bin fatar.

"Malam, yau ba ka ji ba ne?" in ji na kusa da shi.

"Na ji," ya ce. "Taya ce."

Ya gama yankan ya ajiye. Wata mai tallan gyaɗa ta zo wucewa da tirenta a ka, ya bi ta da kallo har ta sha kwana, bakinsa yana motsi da addu'a.